Cave Canem: Sharhi a Kan Gidan Renon Mawaƙa Baƙar Fata na Amurka

Duk wanda ya bi diddigin rubutattun waƙoƙin da ake bugawa a Amurka cikin shekaru ashirin da suka wuce zai lura da wani suna da ke yawan fitowa a bangon littattafan mawaƙa baƙar fata, a wurin da ake ba da taƙaitaccen tarihin marubuci, wato Cave Canem. Ƙungiya ce mai zaman kanta wadda ba ta neman riba, ofishinta yana Brooklyn a birnin New York, kuma babbar hidimar da aka san ta da ita ita ce zaman mako guda da take shirya wa mawaƙa masu tasowa sau ɗaya a shekara, sai gasar buga diwani na farko, sai kuma azuzuwan bita da take buɗewa a cikin gari. Tambayar da ta dace a yi wa hidima irin wannan ita ce ko tana taimaka wa sabon marubuci ya sami salo na kansa, har ya kai matsayin da za a gane hannunsa ko da an rufe sunansa. A ganina tana taimakawa ƙwarai, sai dai ta wata hanya dabam da wadda masu yabonta suka fi ambata, kuma tana da iyakokin da ya kamata mai sha'awarta ya sani tun kafin ya ɗora burinsa a kanta.

Mawaƙa biyu ne suka kafa ta a 1996, Toi Derricotte wadda ta daɗe tana koyarwa a Jami'ar Pittsburgh, da Cornelius Eady ɗan garin Rochester a jihar New York. Dukansu sun ɗanɗani zama baƙar fata tilo a cikin ajin koyon rubutu, kuma sai an fahimci yadda ajin yake kafin a gane nauyin wannan kaɗaici. Tsarin da jami'o'in Amurka suka gada daga shahararren shirin Jami'ar Iowa, wanda aka fara a 1936, shi ne ɗalibi ya raba waƙarsa ga 'yan ajin, sannan ya kame bakinsa yana saurare yayin da suke feɗe ta. A ce wata ɗaliba ta kawo waƙa a kan yadda mahaifiyarta ke ɗora matajin ƙarfe a kan murhu ranar Asabar da dare don miƙar mata da gashi kafin zuwa coci. Idan babu wanda ya taɓa jin zafin wannan mataji a bayan kunnensa a cikin ajin, rabin lokacin zai ƙare ne a tambayar mene ne shi kuma don me ake yin haka, ragowar rabin kuma a yabo na tsoro daga waɗanda ba sa son a ce sun yi wa baƙar fata rashin kunya. Ba wanda zai gaya mata cewa baiti na uku ya yi sanyi, ko cewa ta rufe waƙar tun kafin ta nuna. A mako mai zuwa za ta ƙara ɗango biyu na bayani, a wanda ke biye ta ƙara uku, kafin shekara ta ƙare waƙarta ta koma jagorar baƙi, ita kuwa ta koyi rubutu da ido ɗaya a kan takarda ɗaya a kan fuskar mai karatu.

Matsalar ta girmi ajin jami'a nesa ba kusa ba. Lokacin da aka buga waƙoƙin Phillis Wheatley, wata baƙar fata da ke cikin bauta a Boston, a Landan a 1773, sai da aka haɗa su da takardar shaida mai ɗauke da sa hannun manyan mutanen Boston cewa lallai wannan baiwa ce ta rubuta su. A ƙarshen ƙarni na 19 Paul Laurence Dunbar ya yi suna, amma waƙoƙinsa na karin harshen baƙaƙen fata su ne aka rungumi, aka yi ko oho da waɗanda ya rubuta da daidaitaccen Ingilishi, abin da ya dame shi har ya rasu a 1906. Da aka zo shekarun 1960 sai matsin ya taso daga cikin gida, domin yunƙurin adabin baƙar fata da Amiri Baraka ya jagoranta daga Harlem ya buƙaci waƙa ta zama makamin gwagwarmaya, wanda kuwa zuciyarsa ta fi karkata ga furanni ko soyayya ko mutuwar kakarsa yana iya jin kamar ya ci amanar jama'arsa. Sabon mawaƙi ya tashi ne tsakanin masu son ya goge launinsa da masu son kada ya rubuta komai sai launin, kuma wannan ne gibin da Derricotte da Eady suka nufi cikewa.

Zaman farko an yi shi ne a wani tsohon gidan limaman Katolika da ke Esopus a gaɓar kogin Hudson, daga baya aka mayar da shi harabar Jami'ar Pittsburgh da ke Greensburg a jihar Pennsylvania. Sunan ƙungiyar na Latin ne, ma'anarsa "a yi hattara da kare", an ɗauko shi daga zanen wani kare ɗaurarre a ƙofar wani gida a kufan birnin Pompeii na Italiya, wanda waɗanda suka kafa ta suka gani a wata ziyara, sai dai a tambarinsu sarƙar karen a tsinke take. Mai son shiga yakan aika da waƙoƙinsa a tantance, dole ya kai shekara 21, ba a neman digiri, kuma ba a karɓar kuɗin koyarwa. Waɗanda ake tarawa a zama guda ba su kai sittin ba, ana kuma kasa su ƙananan rukunai. A daren farko ana zama a da'ira, kowa ya faɗi abin da ya kawo shi, kuma waɗanda suka halarta sun sha ba da labarin yadda wannan zama kan ci sa'o'i ana zubar da hawaye. Daga washegari aiki ya kankama: kowace safiya kowa ya miƙa sabuwar waƙa, da rana a zauna a kanta tare da malami, da dare a yi karatu a bainar jama'a, sannan a koma ɗaki a fara ta gobe.

Sharaɗin sabuwar waƙa kullum shi ne ɓangaren da na fi ba maki. Yawancin tarukan bita suna barin mutum ya zo da tsofaffin waƙoƙin da ya riga ya goge su ya shafa musu mai, waɗanda ya san za su jawo masa yabo, don haka abin da ake dubawa a nan fuskar da ya ga dama ya nuna ce. Wanda kuwa aka ce ya kawo waƙa kafin hantsi, alhali ya raba dare yana sauraron wasu, ba shi da lokacin yin ado. Dabarun da ya aro daga mawaƙan da yake ƙauna sukan ƙare masa a kwana na biyu ko na uku, daga nan ba abin da ya rage masa sai yadda shi kansa yake jera magana, da abubuwan da hankalinsa ke komawa gare su ba tare da ya aike shi ba, da tsawon numfashinsa a cikin ɗango. Waƙoƙin da ake samu ta wannan hanya da yawansu ɗanyu ne, wasu ma ba za su taɓa shiga littafi ba, amma a cikinsu ne malami mai kunne zai iya ɗora yatsa a kan layi guda ya ce wannan naka ne, sauran na wani ne. Kuma da yake duk waɗanda ke zagaye da teburin sun san matajin ƙarfe, ba a ɓata minti ɗaya wajen bayani, kai tsaye ake zuwa kan aikin: karin ya karye a nan, wannan siffa ta yi yawa, ƙarshen nan tsoro ne ya rubuta shi. Wannan sauke nauyin bayani, a nawa hukuncin, shi ne ainihin hajar da Cave Canem ke bayarwa.

Abu na biyu da ya cancanci yabo shi ne cewa malaman suna zagayawa tsakanin rukunai, ta yadda mai halarta zai zauna a gaban malami dabam kusan kowace rana. Manyan mawaƙa irin su Lucille Clifton da Sonia Sanchez da Yusef Komunyakaa da Elizabeth Alexander da Patricia Smith duk sun koyar a wurin, kuma duk wanda ya karanta su ya san ba hanya ɗaya suke bi ba. Clifton mai gajerun ɗangaye ce marasa ƙawa, Smith kuwa daga dandalin gasar waƙar baka ta fito inda ta zama zakarar ƙasa har sau huɗu. Abin da malamin Litinin ya yaba, na Talata yana iya cewa a cire shi. Ɗalibin da ya zo neman wanda zai bi sau da ƙafa zai rikice, amma rikicewar tana da amfani, domin a ƙarshe dole shi ne zai yanke hukunci a kan waƙarsa, kuma yanke irin wannan hukunci sau da yawa shi ne ke zama salo. Ƙungiyar ba ta taɓa fitar da wata aƙida ta yadda waƙar baƙar fata za ta kasance ba, kuma ana ganin sakamakon haka a rubuce.

Terrance Hayes, wanda ya halarci zaman tun a shekarunsa na farko, ya ƙirƙiro wani tsari a diwaninsa da ya ci babbar kyautar littafi ta ƙasa a 2010. Ya ɗauki wata gajeriyar waƙar Gwendolyn Brooks, ya rarraba kalmominta ɗaya bayan ɗaya a ƙarshen ɗangayensa, ta yadda idan ka karanta a kwance za ka ji labarin yarintarsa da mahaifinsa, idan kuma ka bi kalmomin ƙarshe daga sama zuwa ƙasa sai waƙar Brooks ta fito cif. Mai karatun da ya san tahamisi, inda malaman Sakkwato na ƙarni na 19 kan ɗauki baitin magabaci mai ɗango biyu su ƙara masa uku ya zama biyar, zai gane hikimar nan take: mawaƙi ya ɗaure kansa da kalmomin babba, kuma a cikin wannan ɗauri ne nasa hannun ya fi bayyana. Tyehimba Jess na Detroit, wanda shi ma ya biyo ta dandalin waƙar baka, ya rubuta waƙoƙi da bakin wasu tagwaye mata da aka haifa a manne a zamanin bauta, waɗanda ake iya karanta su ta gefen hagu, ko ta dama, ko a haɗe, kowace hanya da tata ma'anar. Jericho Brown kuma ya haɗa tsarin sonet mai ɗango 14 da gazal, wani tsarin waƙa mai asali daga Larabci, da maimaicin waƙar bulus ta baƙaƙen fatar Amurka ya fitar da wani sabon tsari. Mutum uku ke nan daga gida ɗaya, kuma babu mai karatun da zai ɗauki waƙar ɗayansu ya jingina wa ɗaya.

Akwai kuma wata ƙa'ida da ba a cika maganarta ba, alhali tana cikin mafi kyawun abubuwan da aka tsara. Wanda aka karɓa yana da damar halarta sau uku cikin shekara biyar, daga nan a yaye shi. Dawowar tana nufin cewa ba a bar mutum da zumuɗin mako guda kawai ba, zai koma gida ya yi shekara yana gwada abin da ya ji, ya dawo da abin da ya tsira. Yayewar kuma tana hana wurin zama mafakar dindindin, domin mawaƙin da ya saba da ɗakin da kowa ya fahimce shi tun kafin ya rufe baki zai iya kasa rubuta wa duniyar da ba haka take ba.

Gasar diwani na farko, wadda aka fara a 1999, ta warware wata matsala ta zahiri, wato samun maɗaba'a. Kamfanin Graywolf da maɗaba'un jami'o'in Pittsburgh da Georgia ne ke karɓa-karɓa wajen buga littafin da ya yi nasara, kuma ba sai wanda ya halarci zaman ne ke iya shiga ba. Natasha Trethewey ce ta fara cin ta, mawaƙiya Rita Dove ce ta zaɓe ta, sai Tracy K. Smith ta ci a 2002. Dukansu biyun daga baya sun ci kyautar Pulitzer, ɗaya daga manyan kyaututtukan adabi na Amurka, a 2007 da 2012, kuma kowacce ta riƙe muƙamin babbar mawaƙiyar ƙasa.

A nan ne masu yabo suka fi son tsayawa, kuma a nan ne nake ganin ya kamata a yi taka-tsantsan. Lissafin yana da ban sha'awa, babu musu. Kafin 1996 mawaƙa baƙar fata uku kacal ne suka taɓa cin Pulitzer a fannin waƙa, Brooks a 1950, Dove a 1987, Komunyakaa a 1994, amma bayan Trethewey da Smith sai ga Gregory Pardlo a 2015, Jess a 2017, Brown a 2020, dukansu 'yan wannan gida, kuma a 2016 gidauniyar da ke ba da kyautar littafi ta ƙasa ta karrama ƙungiyar kanta. To amma wurin da ke zaɓar 'yan ƙalilan daga cikin ɗimbin masu nema ya riga ya ɗebi waɗanda suka fi kowa alamar tasowa, saboda haka ba za a ɗora masa duk ladan abin da suka zama ba. Trethewey da Smith sun sami renonsu na farko ne a wata ƙungiyar matasa ta yankin Boston mai suna Dark Room Collective, wadda aka kafa a 1988 bayan jana'izar marubuci James Baldwin, kuma sun zo gasar ne da littafi kammalalle. Bayan haka, kyauta ba ita ce ma'aunin salo ba. Tana auna ɗanɗanon alƙalan shekarar ne, kuma da yawa daga cikin alƙalan yanzu 'yan gidan ne ko malamansa.

Wannan ya kai mu ga babban aibin da nake gani, wanda nasara ce ta haife shi. Abin da aka fara a matsayin mafakar waɗanda aka rufe wa ƙofa ya zama ƙofa shi ma, kuma ƙunƙunta. Sunan Cave Canem a tarihin marubuci yanzu yana buɗe hanyar mujallu da guraben karatu da aikin koyarwa, don haka wanda aka ƙi karɓa ya rasa abin da ya wuce mako guda na bita, kuma akwai haɗarin sabon mawaƙi ya fara rubuta irin waƙar da yake zaton za ta burge masu tantancewa, wanda shi ne ciwon da aka kafa ƙungiyar don magancewa, sai dai fuskar mai karatun ce ta canja. Azuzuwan cikin gari sun rage kaifin wannan, amma sun fi amfanar wanda ke zaune kusa da inda ake yin su. Ina kuma da shakka a kan yawan zumuncin da ake ƙullawa. Mutanen da suka yi kuka tare a daren farko ba lallai ne su iya gaya wa juna gaskiya mai ɗaci a rana ta huɗu ba, kuma kara, duk da kyanta a zaman tare, ba ta gyara baiti. Nauyin hana wannan ya rataya ne a wuyan malamin ranar, wanda ke nufin ingancin bitar yana hawa da sauka. Sai a ƙara da cewa hidimar ta mawaƙa ce zalla. Mai rubuta ƙagaggen labari sai ya nufi wasu wurare irin su gidauniyar Hurston/Wright da aka kafa a 1990.

Ga marubucin da ya taso a Afirka, ƙofar ba a rufe take ba. Chris Abani ɗan Nijeriya da Kwame Dawes haifaffen Ghana sun koyar a wurin, Safia Elhillo 'yar asalin Sudan, wadda ke saka Larabci a cikin waƙoƙinta na Ingilishi ba tare da ta fassara ba, ta halarta, haka ma Nick Makoha haifaffen Uganda, wanda ya koma Ingila ya kafa makamanciyarta mai suna Obsidian a 2020. Saddiq Dzukogi na Minna, wanda diwaninsa na makokin 'yarsa ya fito daga maɗaba'ar Jami'ar Nebraska a 2021, shi ma yana cikin waɗanda suka sami gurbi. Sai dai duk waɗannan mutane ne da suka riga suka zauna a Amurka ko Ingila. Wanda ke Kano ko Damagaram yana da biza da kuɗin jirgi a gabansa, kuma da Ingilishi ake komai, saboda haka mai rubutu da Hausa zalla ba shi da abin da zai miƙa. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne cewa raunin da aka gina wurin don warkarwa rauni ne na Amurka. Wanda ya girma a inda kowa baƙar fata ne, malami da ɗalibi da mai buga littafi, bai san kaɗaicin Derricotte ba. Nasa nauyin bayanin a kan harshe da addini da al'ada yake, kuma idan ya kawo waƙa a kan takaba ko zaman makoki na kwana bakwai, zai iya tarar da cewa 'yan'uwansa baƙar fata na Chicago suna buƙatar bayani daidai da yadda fararen Iowa suka buƙaci bayanin mataji. Ga irin wannan marubuci, asusun buga waƙoƙin Afirka da Dawes ya kafa a 2012, wanda ke fitar da ƙananan diwanan sababbin mawaƙan nahiyar ƙarƙashin kulawarsa da Abani, ya fi kusa da hannu kuma ya fi dacewa da buƙata.

Wanda zai fi cin moriyar Cave Canem shi ne mawaƙin da ke rubutu da Ingilishi, yake zaune a inda launinsa ya mayar da shi bare, ya kuma yi 'yan shekaru yana rubutu har ya tara waƙoƙin da suka isa a ga inda yake kwaikwayo da inda yake magana da bakinsa. Wanda ya fara jiya ba zai tsallake tantancewa ba, kuma ko da ya tsallake, matsin waƙa kullum zai fi ba shi tsoro a kan ya buɗe shi. Wanda kuma littafinsa na biyu ya riga ya fito ya wuce lokacin da bitar za ta girgiza shi, abin da zai samu jama'a ce da abokan hulɗa. Mai shirin nema ya fara da karanta diwanan da suka ci gasar, daga na Trethewey zuwa na baya-bayan nan, ya saurari karatun daren da ake ɗorawa a intanet, sannan idan zai aika da nasa ya zaɓi waƙoƙin da ba su yi kama da ko ɗaya daga cikin waɗanda ya karanta ba, ko da kuwa su ne waɗanda bai gama gogewa ba.